Hotunan Ɗaya ga Janairu

Litinin, da hantsi

Rumbu ya sake yin ƙarar nan. Ƙas, ƙas, sai ya yi shiru, sai ya ci gaba. Yaya ya ce sunansa had dis, in daina ce masa rumbu a gaban mutane, amma Baba rumbu yake ce masa tun ranar da ya sayo shi, ni kuma a bakin Baba na koyi sunan komai na shagon nan. Baƙin akwati ne da bai fi tafin hannu biyu ba, yana zaune a bayan kwamfuta a kan tsohuwar mujalla don kada ya yi rawa. Duk hoton da aka ɗauka a shagonmu tun da Baba ya bar aiki da fim yana cikinsa.

Na kai shi wurin mai gyara na ƙarshen layi. Ya jona shi, ya kara kunne, ya ce, “In akwai abin da kike so a ciki, ki kwashe yau, kada ki ce gobe.” Na sayi sabo a wurinsa. Sabon siriri ne, ko motsi ba ya yi.

Tela na shagon gefe ya leƙo ya tambayi jikin Baba. Na ce da sauƙi.

Litinin, da yamma

Na rataye makullin shago a ƙusarsa, bayan ƙofar ɗakin Baba. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti ya turo min makullin da hannun hagu, ya juya fuskarsa bango. Na gane abin da yake nufi, na yi kamar ban gane ba. Kullum da safe nakan ce, “Baba, zan ari makulli,” da yamma in ce, “Baba, ga makullinka na dawo da shi.” Bai taɓa juyowa ba.

Yana ji, yana ganewa sarai. Hannun dama ne ya ƙi, da ƙafa kaɗan, da gefen baki. In ya yi magana kalmomin a dunƙule suke fitowa, sai an kasa kunne. A ranakun farko Mama ta ce masa “me ka ce?” ya maimaita, ta sake cewa “me ka ce?”, daga nan ya kulle bakinsa. Ya sa an cire madubi daga ɗakin. Masu dubiya a falo suke tsayawa, Mama ta ce musu ya samu barci. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ce wa mutane “ɗaga haɓa, kalle ni nan,” yau ba ya son kowa ya kalle shi.

Tsorona shi ne kada ya zauna a ɗakin nan shi ke nan, ya bar min makulli. Ba na son makullin.

Talata, bayan na share shago

An fara kwafa. Bari in rubuta wa kaina yadda abin yake, kamar yadda Baba ya koya min, don kaina ba ya tare da ni kwanakin nan.

Abu biyu ne. Akwai hotunan, ɗanyu, yadda kyamara ta ɗauke su. Su ne a cikin rumbu. Akwai kuma kundi, wanda yake cikin kwamfutar kanta. Kundi ba ya riƙe hoto ko ɗaya. Abin da yake riƙewa shi ne aikin da Baba ya yi wa kowane hoto: nan ya yanke, nan ya ƙara haske, nan ya share ƙurji daga goshin amarya, wannan tauraro biyu, wancan huɗu. Kuma yana riƙe da adireshin kowanne, wato foldar da yake ciki. In aka buɗe, sai kundi ya je adireshin ya ɗauko ɗanyen hoton ya sa masa kayansa. Asalin ba ya canzawa. Baba yakan ce shi ya sa yake barci lafiya, don ko ya yi ɓarna akwai maɓalli ɗaya da zai mayar da mutum yadda Allah ya yi shi.

Dokarsa ɗaya ce: kada a motsa folda ko a canza mata suna a bayan idon kundi. Don haka zan kwafe komai yadda yake, in na gama in nuna wa kundi sabon gida, shi ke nan.

Ina kallon sunayen foldar suna wucewa a allo, na kama kaina ina dariya ni kaɗai. Baba ba ya sa kwanan wata, ba ya sa sunan wanda aka ɗauka. Angon da ya yi atishawa. Malamar da ta ƙi cire tabarau. Ranar da rufi ya yi yoyo. Direba da sabuwar motar da ba tasa ba. ’Yan biyun da suka ciji juna. In mutum ya dawo bayan shekaru yana neman a sake wanke masa hoto, Baba zai dube shi daga ƙofa ya ce, “Kai ne mai atishawa,” kafin ya zauna an buɗe foldarsa.

Laraba, da rana

Ƙas, ƙas. Yana zafi, na sa masa fanka. In ya gaji in tsayar, in ya huce in ci gaba. Duk wanda ya tambaya na ce da sauƙi.

Alhamis, da yamma

Mai motsa jiki ta zo daga asibiti, doguwar mace mai fara’a, ta kawo wa Baba ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya bar ƙwallon ya gangara ƙarƙashin gado, ni na shiga na ɗauko, ya sake barinsa ya gangara. A tsakar gida ta ce mana, “Hannun zai yi ƙoƙari in mai hannun ya yarda. Ku nemo masa abin da yake so ya yi.” Mama ta ce, “’Yar nan, mutumin da ko abinci sai na bi shi da shi shago? Ba abin da yake so sai shagon, shagon kuma ya ce ba ya so.”

Na zauna a bakin gado na ba shi labarin rumbu, cewa ya tsufa, na sayo sabo, ina bin dokarsa. Bayansa kawai nake gani. Ya rame a kafaɗa.

Ina kewar faɗansa. Tun da na fara riƙe kyamara bai taɓa ba hotona fiye da tauraro uku ba. Zai duba ya ce, “Auta, duniyarki a karkace take. Dubi bakin ƙofar nan, ruwa zai gangara a kansa.” Sai ya miƙe hoton, ya danna uku, ya ce ɗayan ma don ina ’yarsa ne.

Juma’a, da la’asar

Saura kaɗan. Gobe ina da aiki a wata makaranta, hoton ɗaliban da suka gama. Yaya ya ce zai zauna min a shago ya ga ƙarshen kwafan.

Yaya ba ya iya zama a ɗakin Baba. Zai shiga ya gaishe shi, ya tsaya yana kallon silin, sai ka ji shi a waje yana gyaran famfo. A satin nan ya gyara famfo, da ƙofar kicin, da wata kujera da ba abin da ya same ta. A ofishinsu shi ke tsara takardu, a gida kuma takalman mutane yake jerawa daga babba zuwa ƙarami. Ya ce, “Ki ba ni wani abu in yi, Auta, hannuna ƙaiƙayi yake.” Na ce ya zauna ya kalli allo, in ya gama ya kashe. Iyakar abin da na ce ke nan.

Asabar, da yamma

Na dawo na tarar da shi yana murmushi, rabon da in ga haƙoransa tun kafin asibiti. Ya ce, “An gama, kuma na gyara miki komai. Wai angon da ya yi atishawa! Ta yaya za a yi aiki haka? Na sa wata manhaja ta jera su bisa kwanan wata, kowanne a shekararsa da watansa. Foldojin shirmen nan da suka zama fanko na share su.”

Na ajiye jakar kyamara a hankali. Na ce ba komai, tsohon rumbu yana nan, sai mu sake kwafa daga farko. Na jona shi. Muka tsaya muna jira.

Asabar, bayan magariba

Bai yi ƙas ba. Bai yi komai ba.

Lahadi, da hantsi

Mai gyara ya juya shi, ya kara kunne, ya miƙo min. Ya ce in ajiye shi don tarihi.

Na buɗe kundi. Sunayen Baba suna nan a jere a gefe, amma kowace folda da alamar tambaya a kanta, kowane hoto ma haka. Kundi yana zuwa adireshin ya tarar ba gida. Hotunan ba su ɓace ba, suna cikin sabon rumbu lafiya lau, aikin Baba ma yana cikin kundi lafiya lau. Sun dai rabu ne, ba wanda ya san inda ɗan’uwansa yake.

Da kwanan watan gaskiya ne da abin ya zo da sauƙi. To amma Baba kullum in ya tashi daga aiki sai ya cire batirin kyamara, wai kada ta sha shi a banza. Da safe in ya mayar, sai ta tambaye shi kwanan wata, shi kuma ya danna wuce, don yana da mutane a kan benci. Sai ta koma ɗaya ga Janairu. A lissafin kwamfuta, Baba ya ɗauki auren rabin gari, da yaye ɗalibai, da buɗe shaguna, da jariran da yanzu suka yi gemu, duk a rana ɗaya. Manhajar Yaya ta yi biyayya, ta zuba su a folda guda. Lambobin ma ba su taimaka ba, don in kyamara ta ƙure lissafinta daga ɗaya take sake farawa, sai ka ga lamba ɗaya a kan mutane barkatai.

Na kwanan nan kundi yana nuna ɗan ƙaramin hotonsu, zan iya nemo su da ido. Tsofaffin kuwa akwatuna ne masu launin toka, ba fuska, sai lamba da sunan folda. Mutum ɗaya ne a duniya ya san fuskar angon da ya yi atishawa.

Yaya ya zauna a dakalin shago ya dafe kai. Ya ce, “Ki zage ni mana, zai fi min sauƙi.” Ban zage shi ba. Ni ce ban gaya masa dokar ba, kuma murmushin nan nasa na jiya ya tsaya min a rai.

Litinin, da safe

Mama ta ce kada a gaya wa Baba, jininsa zai hau. Na ce to. Na ari makulli.

Laraba, da rana

Ina haɗa na kwanan nan ɗaya bayan ɗaya. In na nuna wa kundi hoton, alamar tambaya ta ɓace, sai ka ga fuska ta yi haske, bango ya miƙe, kamar Baba ya wuce ta bayana ya taɓa. Na gama na bara. Idona yana yaji.

Tela ya ce ya jiki. Da sauƙi.

Alhamis, da la’asar

Wata mata ta zo, ta zauna a benci tana kallon kujerar Baba. Ta ce mijinta ya rasu watan jiya, direba ne. Shekarun baya ya zo nan da motar maigidansa sabuwa fil, aka ɗauke shi ya jingina da ita. Wanda aka wanke musu ruwa ya ci shi. Ta ce, “Shi kaɗai ne hoton da yake dariya a ciki. Mai hoton nan ne ya tsokane shi, wai ya riƙe makullin da kyau kada mai motar ya gani. Yaran suna so su rataya.”

Na san foldar, na nuna mata sunan, ta rufe baki da mayafi tana dariya hawaye na zuba. Na yi mata bayanin abin da ya faru iya yadda zan iya. Ta ce za ta nema da kanta. Na ba ta kujera, muka yi ta wuce fuskokin ɗaya ga Janairu har rana ta sauka daga kan labulen ɗaukar hoto, ba mu ko ci rabin kwata ba. Ta miƙe tana murza ido ta ce, “Mai hoton ai zai gane shi. Ki gaishe shi, ki ce matar direba ce.”

Na ce ta dawo wani satin. Ban san da me na dogara na faɗi haka ba.

Juma’a, da yamma

Na ce wa Yaya ya zo da mota. Bai tambayi dalili ba, ya rungumi kwamfuta kamar jariri, ni na riƙe rumbu da wayoyi. Mama ta tare mu a ƙofa ta ce, “Auta, me na ce miki?” Na ce, “Mama, jininsa a kwance yake, shi ma a kwance yake. Bari mu gwada wani abu.” Ta dube ni, ta kauce.

Muka ajiye a kan teburin ɗakinsa, kusa da taga. Na durƙusa a bakin gado na gaya masa komai, ban rage ba, har da matar direba. Yaya yana tsaye a ƙofa ya ce, “Ni ne, Baba. Ka yi haƙuri.” Baba bai motsa ba. Numfashinsa dai ya canza.

Na zauna na yi aikina har aka kira mu cin abinci.

Asabar, da hantsi

Na ce bari in gwada tsofaffin da ka, ko zan dace. Na buɗe Malamar da ta ƙi cire tabarau, na nemi lambar, na samu hotuna da yawa masu lambar nan, na zaɓi ɗaya ido rufe. Wani dattijo ne mai gemu a gaban shagon katako. Kundi bai yi musu ba, ya sa masa kayan malama: ya yanke masa rabin hula, ya goge masa kumatu suka yi santsi, ya ƙara masa ja a leɓe. Dariya ta ƙwace min, na ce, “Kai, baba mai katako, yau kai ne amarya.”

Na ji gado ya yi ƙara. Ban waiwaya ba. Na sake zaɓar wani, wannan karon wata akuya ce a bakin wani gini, ita ma ta samu jan leɓe.

Aka bugi katifa. “A’a.”

A dunƙule ta fito, amma na ji ta. Na ce, ba tare da na juya ba, “To wanne ne, Baba? Ni ban san ta ba.” Can ya ce wani abu, ban gane ba, kuma na rantse a raina ba zan ce “me ka ce” ba ko za mu kwana a nan. Na jira. Ya sake cewa, “Ga… ba.” Gaba. Na yi gaba. “Gaba.” Na yi ta yi. Sai yatsan hagu ya zo ta gefen kunnena ya tsaya a kan allo. Mace ce mai tabarau mai kauri, ta haɗe rai kamar an ce ta biya tara. Na nuna wa kundi ita. Hasken fitila da ya kwanta a gilashin ya ɓace, idanunta suka fito, sauran hotunanta na kusa da ita duk suka biyo.

Mama tana bakin ƙofa da kofin shayi, ban san tun yaushe ba. Ta ajiye shi a ƙasa ta tafi.

Litinin, da la’asar

Da safe ina shago, da rana ina ɗakin Baba. Yana zama a bakin gado, matashi a bayansa. Ni ke karanta sunan folda, shi ke nemo fuska. Ba ya bin hotunan ɗaya ɗaya kamar ni. Bangon baya yake dubawa. Labulen shuɗi na shekarun farko ne, mai furanni ya biyo baya, kujerar ƙarfe ta zo bayan yoyon rufi. Yakan ce “labule,” in gane zamanin da za mu je. Mun samu mai atishawa. Da gaske atishawa yake yi, amarya ta kauce kamar an jefo mata wani abu.

Yau ya janye hannuna daga kan mawus ya riƙe da hagu. Kibiyar tana yawo ko’ina a allo. Ya yi tsaki. Na yi murna da tsakin nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Talata, da yamma

Na fita ɗebo masa ruwa, Mama ta tsayar da ni da magana, na daɗe. Allon ya gaji da jira ya mutu, ya zama baƙin gilashi. Da na dawo na tarar Baba yana kallonsa. Kansa yake gani. Ya ɗaga hannun hagu ya taɓa gefen bakin, ya sauke. Ya ture mawus ya faɗi ƙasa, ya kwanta ya juya.

Shanyewar ɓarin jiki. Ban taɓa rubuta sunan ba sai yau.

Laraba, da rana

Bango.

Alhamis, da yamma

Bango. Na gyara allon yadda ba zai sake mutuwa ba. Ina cikin yi na tuna da gilashin mota, da ƙofar shago, da gilashin da ke kan kowane hoto da muka rataya. Ba zan iya bin su duka ba.

Na zauna na yi aiki ni kaɗai, ban yi magana ba, ban kuma yi wasan jan leɓe ba, don zai gane. Da zan tashi na ce, “Baba, matar direba za ta dawo jibi. Zan ce mata ba a samu ba.” Na rataye makulli.

Juma’a, da hantsi

Ban je shago ba. Na shiga da shayinsa na tarar da shi a zaune, ya jawo teburin da kansa, kwamfuta a kashe don bai kai ga maɓallin ba. Bai kalli allon ba sai da ya kawo haske. Ya ce, “Mota.”

Labule ba zai taimaka ba, don a waje aka ɗauka. Ya bi ta bishiyar ƙofar shago, wadda aka sare daga baya. Muka yi ta tafiya har shayin ya huce, sai ga shi: siririn mutum da farar riga, ya jingina da mota, ya ɗaga makulli sama, baki har kunne. A ɗanyen hoton fuskarsa duhu ce, rana tana bayansa. Na nuna wa kundi, sai fuskar ta buɗe, har wushiryarsa ana gani. Baba ya daɗe yana kallo. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

Hasken taga yana kan fuskarsa daidai yadda yake koya min in nema. Kyamara tana cikin jakata a ƙasa. Ban nemi izini ba. Na ɗauke shi, ya ji ƙarar, bai juyo ba.

Asabar, da la’asar

Matar direba ta karɓi hoton da hannu biyu. Ta ce tana so ta je ta yi wa mai hoto godiya da bakinta. Na kira Mama a waya, ta shiga ta tambaye shi, ta dawo ta ce ya samu barci.

Bayan ta tafi na buɗe hoton Baba a ƙaramar kwamfutata. Ya yi kyau, ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Na ɗaga gefen bakin kaɗan, na daidaita idon, na yi a hankali yadda ba wanda zai gane. Da na gama, Baban da na sani ne yake kallon gefe. Na yi kuka kaɗan, na wanke fuska, wani ya shigo hoton fasfo.

Lahadi, da yamma

Na sa hoton a sabon rumbu da gyaransa. Shi ne na farko da ya shiga bayan ƙaura, ba shi da folda tukuna. Muna cikin neman ’yan biyun da suka ciji juna na ce, “Baba, akwai wani sabo, ka duba min.” Na buɗe.

Ya kalla. Ya matso da fuskarsa kusa, yadda yake yi in yana neman inda aka taɓa. Sai ya miƙa yatsa ya danna maɓallin nan mai mayar da mutum yadda Allah ya yi shi. Bakin ya sauka, idon ya sauka. Na kai hannu zan rufe, ya dafe min hannu da nasa na dama. Nauyinsa kawai ya ɗora, amma na dama ne.

Mun daɗe a haka. Sannan ya bi bakin tagar da ke cikin hoton da yatsa, daga sama har ƙasa, ya bi gefen teburin. Ya yi magana a hankali, kalma ɗaya ɗaya, na ji duka. “Hoton… a miƙe yake. Bar shi haka.”

Na ce to. Sannan na ce, “Wane suna za a sa wa foldar?” Ya yi tunani. Ya faɗa, na rasa ƙarshen, na jira, ya sake faɗa. Mai hoton da ya ƙi a ɗauke shi. Na rubuta. Ya nemi maɓallin taurari ya danna huɗu. Na ce, “Baba, na biyar ɗin fa?” Ya nuna tagar, ya ce hasken ya ƙone. Gaskiya ne, ya ƙone, tagar ta fito fara fat.

Har yanzu fiye da rabin foldojin da alamar tambaya a kansu. Ban damu ba. Ina ma fatan su daɗe.

Litinin, da rana

Da safe na shiga aron makulli, ƙusa ba komai, gado ba kowa. Na fito da sauri na same shi a falo, Mama tana ɓalla masa maɓallin riga tana faɗa wai ya tashe ta tun da asuba. Makullin yana hannunsa na hagu. Yaya ya zo da mota, ya kama shi har kujerar gaba, ya yi ta gyara bel ɗin kujera da ba abin da ya same shi.

Buɗe kwaɗon ya ɗauki lokaci. Ba wanda ya taya shi. Ya shiga yana jan ƙafa, ya wuce gilasan hotunan da ke bango, ya zauna a kujerarsa, ya dubi labule ya nuna min inda ya karkace.

Tela ya leƙo. Ya ga Baba ya yi turus, sai saboda sabo ya juyo wurina ya ce, “Ya jikin Baba?” Na buɗe baki. Baba ya riga ni.

Tela ya matso ya karkata kunne ya ce, “Na’am? Me ka ce?”

Na kalli makullin, yana kan tebur tsakanina da shi. Baba ya ɗora hannu a kansa, ya ɗaga haɓa, ya kalli Tela ido cikin ido, ya sake faɗa da ƙarfi.

“Da sauƙi.”